A cire ciwon, a bar mana yaron

Duk inda aka ɗauko zancen gyaran ƙwayoyin gado a jikin yara, kafin a yi nisa sai ka ji an koma kan jariran da masu kuɗi za su riƙa yin odarsu: wannan dogo, wancan kyakkyawa, wancan mai kaifin ƙwaƙwalwa. Daga nan kowa ya girgiza kai, a ce duniya ta zo ƙarshe, a rufe zancen. Ni kuwa da na ji maganar, ƙanwata ce take faɗo mini a rai. Tana da sikila, jininta SS ne. Ni AS ne, haka mahaifinmu, haka mahaifiyarmu. Akwai ɗan'uwanmu da aka haifa tsakanina da ita, bai cika shekara huɗu a duniya ba. Zazzaɓi ya rufe shi, saifarsa ta kumbura ta shanye jininsa, kafin a samo wanda za a ƙara masa rai ya yi halinsa. Saboda haka zan faɗi inda na tsaya tun yanzu: ina son wannan zamani ya zo, ina roƙon Allah ya nuna mini shi da idona. Akwai abubuwan da nake tsoro a cikinsa, amma ba su ne waɗanda aka saba lissafawa ba.

Wanda bai taɓa zama da mai sikila ba yakan ɗauka ciwon ƙashi ne da ke tashi lokacin sanyi ya lafa. Abin ya wuce nan. A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, wanda wasu sassansa ne ake kira ƙwayoyin gado. Haruffa huɗu kacal ake jujjuyawa a cikinsa, A da C da G da T, har su kai kimanin biliyan 3. A wuri guda a kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin ƙunshin da aka naɗe wannan rubutu a ciki, inda aka rubuta yadda jiki zai ƙera himogulobin, wato sinadarin da ke dakon iskar oksijin a cikin jini, GAG ya kamata a karanta. A wurin ƙanwata GTG ne a rubuce, a kwafin da ta gada daga uwa da kuma wanda ta gada daga uba. Ni kwafi ɗaya ne ya zo mini da wannan sauyi, shi ya sa nake yawona lafiya. Ita kuwa da zarar oksijin ya yi ƙasa a jininta, sai himogulobin ya manne da juna ya yi tsinke-tsinke, jajayen ƙwayoyin jini su sandare su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Duk naman da ke bayan wannan toshewa, ƙashi ne ko huhu ko ƙoda ko ƙwaƙwalwa, sai ya rasa iska ya fara mutuwa. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta lalace. Shi ya sa kullum jinin bai isa ba, kullum idanu da ɗan rawaya, kullum gajiya.

Wannan bayanin likita ne. Abin da ni na gani shi ne jaririya da hannuwanta suka kumbura har ba a iya taɓa su. Na ga yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajinsu tana rubuta jarrabawa da allurar ƙarin ruwa a hannu. Na ji muryarta cikin dare tana cewa, "Yaya, danna mini bayana, a'a, kar ka taɓa, wayyo, danna," don ita kanta ba ta san wanne ne ya fi sauƙi ba. Na kuma tsaya a gefe wani ma'aikacin jinya yana ce mata ta cika son allura, alhali haƙoranta na kaɗawa don azaba. Tun 1910 wani likita a Chicago, James Herrick, ya bayyana siffar waɗannan ƙwayoyin jini. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar a jikin himogulobin take, a 1956 kuma Vernon Ingram ya gano ainihin gurbin da ya sauya. Wato kusan shekara saba'in ke nan ɗan Adam ya san inda ɓarnar take, yana kallonta, hannunsa bai kai ba.

Akwai tambayar da iyayenmu suka sha ji, yanzu kuma ƙanwata ita kanta ake yi wa: "Ba a yi gwaji ba ne kafin aure?" Lokacin da suka yi aure babu wanda ya taɓa yi musu zancen AS. Ni da na tashi nawa auren na yi gwajin, matata AA ce, kuma duk wanda ya nemi shawarata ina ce masa ya je a duba shi. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Wannan ilimi ya hana zubar hawaye mai yawa, masu cewa rigakafi ya fi magani ba su yi ƙarya ba. Amma ina so ku saurari tambayar da kunnen wanda ake magana a kansa. Wata rana wata mai dubiya ta yi ta a gefen gadon asibiti, bayan ta fita ƙanwata ta dube ni ta ce, "Yaya, ka gane abin da take nufi? Da an yi abin da ya dace, da babu ni."

Ban sami abin da zan ce mata ba, domin gaskiya ta faɗa. Yawancin hanyoyin da ake kira na kawar da sikila, in ka duba da kyau, hanyoyi ne na hana haihuwar mai sikila: a fasa auren, ko a gwada cikin tun yana ƙarami, ko a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaje-gwaje a zaɓi wani ɗan tayin a bar wani. Ba na ganin laifin iyayen da suka gudar wa ɗansu wannan azaba, na san abin da suke gudu. Sai dai duk waɗannan ba su da abin da za su ce wa yarinyar da ta riga ta zo. Dashen ɓargo ne kaɗai ya daɗe yana warkarwa, shi kuma yana son ɗan'uwan da ɓargonsa ya dace, abin da mafi yawan masu ciwon ba su da shi. An gwada ni, nawa bai dace da nata ba. Gyaran ƙwayar gado ya zo da wata magana dabam: wannan yarinyar dai, ita ɗin, da dariyarta da taurin kanta, ta zauna, ciwon ya fita, kuma da ɓargon jikinta za a yi aikin. Dalilin da ya sa nake ƙaunar wannan ilimi ke nan, kuma da shi nake auna duk abin da za a gina a kansa nan gaba.

Yadda aka kai ga maganin farko labari ne da nake jin daɗin bayarwa. A 1948 wata likitar yara a Brooklyn, Janet Watson, ta lura cewa jarirai masu sikila ba sa fara ciwo sai sun yi wasu watanni a duniya. Ta danganta hakan da wani nau'in himogulobin da ɗan tayi ke amfani da shi a cikin ciki, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini. Bayan haihuwa jiki yakan kashe wannan nau'i ya kunna na manya, daga nan wahala ta soma. Mahaifiyarmu ta sha faɗa cewa watannin farko na ƙanwata lafiya lau suka wuce, har tana murnar wannan karon an tsira. Sai a 2008 masu bincike a Boston suka nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke kashe himogulobin na tayi. A 2012 kuma Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a ari wata dabara da bakteriya ke kare kanta da ita daga bairos, a mai da ita abin yanka DNA a duk wurin da aka nufa. Ita ce CRISPR, wadda ta ja musu kyautar Nobel a 2020. Da aka haɗa waɗannan biyu sai hanya ta buɗe: ba sai an gyara harafin da ya sauya ba, a yanka makunnin da ke kashe himogulobin na tayi kawai, jiki ya koma ƙera wanda yake ƙerawa tun a ciki.

A watan Yulin 2019 aka yi wa wata mata daga Mississippi, Victoria Gray, wannan aiki a Nashville. Ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa a Amurka, kuma ta sha fitowa ta ce tashin ciwon da ya cinye mata rayuwa ya daina. Birtaniya ta amince da maganin, mai suna Casgevy, a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Cikin mutum 31 da hukumar magunguna ta Amurka ta duba sakamakonsu, 29 sun shafe aƙalla shekara guda babu mummunan tashin ciwo ko ɗaya. Ranar da na karanta wa mahaifiyarmu wannan labari, abin da ta fara tambaya shi ne, "Wannan ba shiga hurumin Allah ba ne?" Na ce mata, Mama, jinin wani da ake ƙara mata fa, da tiyatar da aka yi mata aka cire matsarmama? An koya mana cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma makunnin nan da aka taɓa shi ya halicce shi, mutane ganowa kawai suka yi. Ta ce, "To, in dai magani ne, Allah ya kawo shi da ranmu."

Tambayar ƙanwata ta fi ta Mama wuya. Ita ta riga ni karanta yadda ake yin aikin. Ana tatso uwayen ƙwayoyin jini daga jikin mara lafiya, sau da yawa ba a zama ɗaya ba, a aika da su ɗakin gwaje-gwaje a gyara, a jira watanni. Kafin a mayar da su dole a share tsohon ɓargon da wani magani mai ƙarfi irin na masu cutar kansa, busulfan. Gashi ya zube, baki da maƙogwaro su yi gyambo, garkuwar jiki ta faɗi ƙasa, mutum ya yi makonni a killace a asibiti. Kuma busulfan yakan kashe haihuwa. Ta ce, "Yaya, wato in ba su mahaifata su ba ni lafiya?" Sannan ga kuɗin: dala miliyan 2.2 aka sa wa Casgevy a Amurka, ɗaya maganin da aka amince da shi rana guda, Lyfgenia, dala miliyan 3.1. Alhali sama da jarirai 300,000 ake haifa da sikila kowace shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a Afirka kudu da Sahara, kuma Najeriya da Kongo da Indiya ne kan gaba. Maganin da ke buƙatar cibiyar dashen ɓargo da miliyoyin daloli ba zai taɓa isa ga waɗannan yara ba, ko da an rage kuɗin sau goma.

Abin da ya sa ban yanke ƙauna ba shi ne labarin wani jariri a Philadelphia da duniya ta sani da KJ. An haife shi a Agustan 2024 da wata cuta mai wuyar samu: hantarsa ba ta iya kawar da amoniya, gubar da ke taruwa idan jiki ya narkar da furotin, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa. Kusan rabin jariran da ke zuwa da ita ba sa wuce jarirantaka. Likitoci biyu, Rebecca Ahrens-Nicklas da Kiran Musunuru, tare da tawagarsu, suka ƙera masa magani nasa shi kaɗai cikin kimanin wata shida. Sun yi amfani da sabuwar dabarar da ɗakin binciken David Liu ya fito da ita a 2016, wadda ke sauya harafi ɗaya ba tare da datse DNA gida biyu ba. Suka naɗe ta cikin ƙananan ɗigon kitse, suka zuba masa ta jijiya a Fabrairun 2025, ta tafi hanta da kanta. Ba a cire masa komai ba, ba a ƙona masa ɓargo ba. A watan Yuni ya koma gida. Likitocinsa ba su ce ya warke ba, sun ce ya sami sauƙi kuma za a ci gaba da sa masa ido, kuma wannan taka-tsantsan nasu ya ƙara mini yarda da su. A garin nan dai, a Satumban 1999, wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, mai wata cuta 'yar'uwar ta KJ, ya rasu kwana huɗu bayan an yi masa allurar gwajin ƙwayar gado. Nasa ciwon mai sauƙi ne, yana rayuwa da shi da magani da kula da abin da yake ci. Duk mai murna da KJ ya kamata ya san sunan Jesse.

Daga nan nake hango al'ummar da nake fata. A haifi jariri, a tsaga dugadugansa a ɗauki ɗigon jini kamar yadda ake yi a ƙasashe da dama tun shekarun 1960, sakamako ya fito cikin kwanaki. In an ga SS, ko talasimiya (wata cutar jini ta gado), ko wata daga dubban cututtukan da ƙwayar gado guda ke haifarwa, a ba iyaye rana su dawo. A yi masa allura tun himogulobin na tayi bai ƙare ba, allurar ta nemi ɓargo da kanta, a ɗakin da ake yi wa sauran yara rigakafi. Ya girma bai san me ake kira tashin ciwo ba. Kai gyara cikin ɓargo ya fi kai shi hanta wuya nesa ba kusa ba, amma ana aikin. A 2019 hukumar binciken lafiya ta Amurka da gidauniyar Gates suka yi alƙawarin zuba dala miliyan 100 kowannensu don neman irin wannan magani na sikila da ƙanjamau wanda ƙasashe marasa ƙarfi za su iya amfani da shi.

Duk abin da na ambata zuwa yanzu gyara ne a jikin wanda aka riga aka haifa, a ɓargonsa ko hantarsa, kuma ba ya wucewa ga 'ya'yansa. Akwai wani gyaran, na ɗan tayi tun yana 'yan ƙwayoyi kaɗan, wanda zai shiga kowace gaɓa ya kuma bi zuriya har illa masha Allahu. Wannan ban yarda da shi ba a yanzu, kuma ba don ƙyama ba. A Nuwamban 2018 wani masani a Shenzhen ta ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar cewa an haifi tagwaye mata da ya taɓa musu wata ƙwayar gado mai suna CCR5, wai don kada su kamu da ƙanjamau. Yaran ba su da wata cuta. Mahaifinsu ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, kuma akwai sanannun hanyoyin kare su ba tare da an taɓa DNA ba. Bayanan da shi kansa ya nuna sun bayyana cewa gyaran bai fita yadda ya nufa ba. Kotu ta ɗaure shi shekara uku a Disamban 2019, ya gama ya fito, su kuwa yaran za su ɗauki abin da ya yi musu har ƙarshen rayuwarsu. A 2020 masu bincike a Jami'ar Columbia suka nuna cewa yankan CRISPR a ɗan tayi yakan jawo ɓacewar babban yanki na kuromosom, wani lokaci ma gaba ɗayansa. Idan ɓargon babba ya sami matsala, mutum ɗaya ne ya shiga haɗarin da saninsa. Idan ta ɗan tayi ce, shi da jikokinsa ne, kuma ba wanda ya tambaye su. Yarjejeniyar Oviedo ta 1997 ta haramta irin wannan a ƙasashen Turai da suka rattaba mata hannu, taron masana na duniya da aka yi a Landan a Maris ɗin 2023 shi ma ya ce har yanzu abin bai karɓu ba. Na san akwai ma'auratan da su biyun SS ne, waɗanda duk ɗan da za su haifa SS zai zo, kuma ina jin zafinsu. In wata rana aka tabbatar da amincin aikin, saboda irinsu ne zan sake tunani. Ba a kai wurin ba.

Batun jarirai na oda kuwa bai hana ni barci. Wani babban bincike na 2022 ya gano sama da wurare 12,000 a DNA da ke da hannu a tsawon mutum kawai, balle basira. Babu mai iya jera wannan.

Abin da ke hana ni barci shi ne wa zai rubuta jerin abubuwan da za a kira nakasa. Ku ɗauke ni misali. Ina ɗauke da rabin abin da ya kashe ɗan'uwana, to ni ma gyara nake buƙata? A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa masu AS suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, bincike na baya kuma ya nuna kariyar daga mai tsananinsa ta kusan kashi 90 cikin 100 ce. Shi ya sa wannan harafi ya yawaita a inda sauro ya yi katutu: ya ceci kakanninmu da yawa suna yara. Abin da yake cuta idan ya zo biyu, garkuwa ne idan ya zo ɗaya. Duk da haka an taɓa hana masu AS, lafiyayyu garau, shiga kwalejin sojan sama ta Amurka, sai a 1981 aka janye dokar. To ina ga zabiya, ko kurma, ko wada? Kurame da yawa za su ce maka suna da harshensu da jama'arsu, ba su aiki kowa ya gyara su ba. Tarihi kuma ya nuna abin da hukuma ke yi idan aka miƙa mata alƙalamin wannan jeri. A 1927 kotun ƙolin Amurka ta halatta a yi wa wata budurwa, Carrie Buck, aikin hana haihuwa da ƙarfi, kuma sama da mutum 60,000 aka yi wa haka a ƙasar. Jamus ta kafa tata dokar a 1933, ta haɗa da masu farfaɗiya da makanta da kurumtar gado, aka yi wa kimanin mutum 400,000. Dukansu da sunan tausayi da lafiyar al'umma aka yi. Ma'aunina ni mai sauƙi ne: a tambayi masu abin. Ban taɓa haɗuwa da mai sikila da ya ce a bar masa tashin ciwonsa ba. Inda masu abin suka rabu biyu, to hukuma ta janye hannunta.

Tsoro na biyu ya fi kusa da zuciyata. Ranar da gyara ya zama ruwan dare, tambayar nan da ta soki ƙanwata za ta sake riga ta dawo: "Ba ku kai shi an gyara ba ne?" Za a yi ta ga uwar da ba ta da kuɗi, da uban da ya ji tsoro, da iyayen da suka kai amma aikin bai ci ba. Kamfanin inshora zai iya cewa ba zai biya kuɗin ciwon da aka ƙi gyarawa ba. Asibitoci za su rage gadajen masu sikila, likitocin da suka ƙware a kanta su yi ƙaranci, masu ba da jini su ja baya tunda an ce an gama da cutar. Ciwon da a yau bai san gidan mai kuɗi da na talaka ba zai koma tambarin talauci. Kuma kada wani ya yi mafarkin ranar da za a daina haihuwar masu cutar gado. Kowane jariri yana zuwa da gomman sababbin sauye-sauye a DNA waɗanda babu su a jikin uwa ko uba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu himofiliya, cutar da jini ba ya tsayawa, babu tarihinta a danginsu. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu nau'in wadanci mafi yawa iyayensu masu matsakaicin tsawo ne. Irin waɗannan yara za su ci gaba da zuwa, kuma dole su tarar da wurin zama da magani da fuskar da ba ta tuhumarsu.

Ba hasashe nake yi ba, domin mun riga mun ga yadda ake rabon abin da ya fi wannan araha. Tun 1986 wani gwaji a Amurka ya nuna cewa ba yara masu sikila fenisilin kullum yana rage mummunar cutar bakteriya a jini da kashi 84 cikin 100, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa don kada a ci gaba da hana sauran yaran. An amince da hydroxyurea, maganin da ke rage yawan tashin ciwo, tun 1998. Da gwajin jarirai da fenisilin da rigakafi, sama da kashi 90 cikin 100 na masu sikila a ƙasashe masu arziki suna kai wa girma. A wurare da yawa na Afirka kuwa masu bincike sun ƙiyasta rabi ko fiye ba sa kai shekara biyar. Ɗan'uwana yana cikin wannan lissafi. Ba CRISPR ya rasa ba, gwaji da wuri da jakar jini ya rasa.

Saura batun yarda, wanda na daɗe ina juyawa. Wasu suna cewa a bar yaro ya girma ya zaɓa da kansa. Maganar tana da daɗin ji, amma sikila ba ta jira. Saifar yawancin yaran takan lalace tun suna ƙanana. Idan ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin goma yakan sami shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20. Kan ƙashin ƙugun ƙanwata ya mutu saboda rashin jini, da sanda take tafiya ranar da abin ya motsa, kuma ko gobe aka gyara mata ɓargo wannan ƙashi ba zai dawo ba. Gyara yana tsayar da ɓarnar gaba ne kawai. Saboda haka nauyin zai faɗa kan iyaye, su sa hannu a madadin wanda bai iya magana ba, kamar yadda suke yi a kowace tiyata. Abin da nake nema musu shi ne a gaya musu gaskiya duka, har da zancen haihuwa da yiwuwar adana ƙwai ko wani yanki na ƙwan mace kafin a ba da busulfan, a kuma bar su su ce a'a ba tare da an hukunta ɗansu ba. Amincewar farko da aka yi wa Casgevy ta 'yan shekara 12 zuwa sama ce, aka kuma shiga gwada shi a kan waɗanda ba su kai haka ba.

Na tambayi ƙanwata ko za ta karɓa in an ba ta kyauta. Ta ce wanda ake yi yanzu a'a, tana son ta haihu, za ta ci gaba da shan hydroxyurea ta jira wanda ba sai an ƙona ɓargo ba. Amma ta ce in ɗanta ne ya zo da SS, kuma akwai allurar da aka tabbatar da ita, ba za ta kwana ba ta sa hannu ba. Waɗanda aka yi wa aikin ana bibiyarsu har shekara 15 don a ga ko gyaran zai ɗore, ko kuma wata illa za ta ɓullo daga baya, wato na farkonsu sai wajen 2034 za su cika wa'adin. Duk rahoton da ya fito a kansu ina karantawa in tura mata, ita kuma ta dawo mini da tambayoyin da za mu kai wa likitanta.